Godiya bayan taron Sawakin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, motar mutanen Gadarif ta isa jiya bayan isha, ita ce ta ƙarshe, kowa ya koma masaukinsa lafiya. Sai yau na samu na zauna, ƙafa a kumbure, murya a dushe. Ba sai na maimaita ba, kun bi komai: ɗage ranar da aka yi ta yi, rigimar karo-karo, da masu cewa wane irin taron zumunci ne ana tsakiyar yaƙi a Sudan. Ban ga laifinsu ba. Sai dai tun watan Afrilun 2023 muke warwatse. Na Khartum suka gudo Madani, Madani ma ta faɗi a Disambar wannan shekarar, aka sake kwasar yara da tsofaffi. Akwai tattaɓa-kunnen da aka haifa a gudun hijira, Hajiya Babba, tsohuwar gidanmu, ba ta taɓa ɗaukarsu ba. Ita ce ta ce a yi taron a Sawakin, tsohuwar tashar jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya, ko a fasa, domin ta nan mahaifinta ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, bayan ya taso daga Haɗeja a ƙafa, ya shekara da shekaru yana cirar auduga a Jazira yana tara guzuri. Wa zai ja da ita?

A gidanmu ba a saba kiran sunan wanda ya yi hidima ba, an ce kada a rage masa lada. Ku yi mini uzuri, yau sai na kira wasu.

Kawu na Bur Sudan, Allah Ya saka maka da Aljanna. Tsakaninka da Sawakin wajen kilomita 60 ne, amma ka mai da hanyar kamar zaure da tsakar gida, yau katifu, gobe gawayi, jibi tarbar Baffa na Kano a filin jirgi. Kai ka fara gaya mana cewa a kan tsibirin da tsohon garin yake babu wurin kwana, kufai ne, tun da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 kasuwar garin ta mutu, gidajen suka riƙa zubewa. Kai ka samo mana gidaje biyu a tsallake, ka raba tsofaffi da masu goyo daga hayaniyar samari, kuma ruwan da muka sha, wanda a garin nan saye ake yi daga masu amalanken jaki, daga aljihunka ya fito. Gwaggo ta Kasala, kin dafa wa zuri'a huɗu abinci ba ki bar kowa da ƙorafi ba: tuwon dawa da miyar kuka don tsofaffi, kisra, wato gurasar dawa ta Sudan, da soyayyen kifi don yaran da suka tashi a nan. Samarin garin Mai Wurno, ku kuka share fili kusa da masallacin Hanafi, kuka kafa rumfa, kuka wuni kuna korar yara daga jikin bangayen nan na dutsen murjani da ke ruftowa ba sallama. Allah Ya ba ku mata na gari.

Amma wadda ta sa na kasa barci sai na rubuta wannan, ko sunanta ban sani ba.

Ranar taron, Hajiya Babba ta yi allurarta ta ciwon suga da safe kamar kullum. Aka kawo mata koko ta ture. Ta ce jirgin Jidda ya iso tun asuba, ba za ta sa komai a baki ba sai ta ci da 'ya'yan ɗan'uwanta na Jidda. Babu wanda ya iya gaya mata cewa ba sa ciki. Muka tura kekenta muka tsallaka gadar da ta haɗa tsibirin da gari, inda duwatsu suka hana taya tafiya samari suka ɗaga ta cak. Ana cikin karanto sunayen kakanni, dab da azahar, na ga carbinta ya faɗi ƙasa. Hannunta na karkarwa, gumi ya jiƙa mayafinta alhali iskar teku na kaɗawa, maganarta ta koma wani iri, tana kirana da sunan mahaifiyata da ta rasu. Mata suka ɗauki salati. Baffa ya durƙusa yana laƙƙana mata kalmar shahada. Wallahi a raina na gama cewa mun kawo ta nan ne ta cika, kuma ni na tsara tafiyar.

Sai ga mai shayin da ke zaune a bakin gada, 'yar ƙabilar Beja, ta kutso cikinmu da gwangwanin sukarinta a hannu. Tambaya biyu ta yi da Larabci: tana allura? Ta ci abinci? Ta duba ta ga tana iya haɗiya, ta dama sukari cokali uku a ɗan kofin shayi, ta tallafo kanta ta riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, tana ce wa maza su ja baya su bar mata iska. Bayan kamar rubu'in awa ta ƙara mata, sannan ta aiki yaronta ya kawo burodi. Hajiya ta buɗe ido sosai, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ya mutu kuke kuka?" Matar ta ce uwarta ma haka take yi. Kawu ya miƙa mata kuɗi ta ɓata rai, ta ce ko na sukarin ba ta karɓa daga baƙi, ta koma kan murhunta inda jabanar wani, wato gahawarsa, ke tafasa. Likitan da ya duba Hajiya da yamma ya ce sukarin jininta ne ya yi ƙasa saboda ta yi allura ba ta ci abinci ba, kuma abin da matar ta yi shi ne ya kamata a yi.

Ya Allah, Ka sani mu ba mu da abin biyanta. Ka biya ta. Ka ba uwarta lafiya, Ka raya mata yaronta, Ka sa albarka a murhun nan, Ka tsare ta daga abin da ya raba mu da gidajenmu. Ya Allah Ka jiƙan waɗanda muka binne a hanya ba tare da dangi sun taru ba, Ka bayyana waɗanda har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba, Ka kashe wutar nan, Ka mai da kowa ɗakinsa. Ka ƙara wa Hajiya Babba kwana masu albarka, Ka cika mata da imani.

Waɗanda hanya ta tare, da waɗanda kuɗin mota ya gagara, mun san da ku, an ambace ku a addu'a. 'Yan'uwanmu na Jidda kuwa, mun gode da kuɗin da kuka turo, sun yi amfani. Kwana ɗaya ne dai a jirgin ruwa. Baffa ya taso tun daga Kano, ya biyo ta Alƙahira da ciwon gwiwarsa. Da an faɗa tun farko cewa ba za a samu zuwa ba, da mun san abin da za mu gaya wa tsohuwa tun kafin ta ture kokonta. Na bar shi a nan. Ku kira ta, har yanzu tana tambaya.

Ragowar kuɗin asusu an yi shawara a saya wa Hajiya na'urar gwajin suga, lissafin yana hannun Yaya Babba ga mai son gani. Wanda kuma ya tafi da babbar tukunyar Gwaggo cikin kayansa, ya ba direban Kasala ya mayar mata, ta aro ce.