Mun koyar da dashe, mun manta da awaki

Har yau in na bi hanyar Shika na hango filin nan da muka dasa itatuwa, sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Bara ƙungiyarmu ta ci gaban gari ta haɗa kuɗi, rabi daga aljihunmu, rabi daga wani bawan Allah da ba ya son a ambaci sunansa, don a koya wa masu saran itace da masu gawayi da 'yan ƙwadago sana'ar renon itatuwa. Ni ne ma'aji. Ni na zauna na kasafta kowace naira, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Mutum 25 muka ɗauka, muka ɗauko wani malamin daji mai ritaya daga Samaru. Karatu ya yi kyau, ba sai na ja zance ba: haɗa ƙasa da taki da yashi a leda, jiƙa 'ya'yan ɗorawa a ruwan zafi don su tsiro da wuri, auren mangwaro. Kuɗin mota, abincin rana, alawus, takardar shaida, har rumfa da kujerun ranar yaye ɗalibai, duk na rubuta a kasafi.

Ana gobe za mu yi dashe, wani dattijo cikin ɗaliban, wanda ya fi shekara talatin yana saran itace, ya ja ni gefe ya ce, "Malam Ma'aji, to in an yi kaka an saki dabbobi, wa zai tsare su?" Na ce, "Baba, sai mun kai can, Allah zai kawo mafita." Ya yi shiru, ya gyara gatarinsa a kafaɗa ya wuce. Wannan amsar tawa ita ke hana ni barci.

A Yuli muka dasa turare da dalbejiya da ɗorawa da zogale. Ruwa ya yi musu yadda ake so, muka yi ta ɗaukar hoto. Ruwan ya ɗauke a Oktoba, aka kwashe dawa da masara, aka kwance awaki. Kafin hunturu ya yi nisa na je na tarar da tsinkaye tsaye a ramuka, an gwaguye su har ƙasa. Turaren da akuya ta bari, gara ta shiga ta saiwa. Asusu kuwa ko sisi babu. Ko kuɗin kara da ƙayar da za a kewaye kowane dashe ban ware ba, balle na ban ruwa.

Ɗalibai suka watse, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da sai ya fita zai ciyar da iyalinsa, ba za ka ce ya yi wata shida yana jan ruwa a rijiya kyauta ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari na ci karo da shi a Sabon Gari da buhunan gawayi a bayan babur. Ya gaishe ni da ladabi, ni kunya ta kama.

Duk mai haɗa irin wannan aiki, ko da kuɗin ƙungiya ne ko yana neman shiga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, mai dala miliyan 700 wanda Kaduna ke ciki, ya fara rubuta kuɗin rani kafin na aji. Daga Nuwamba zuwa Mayu a biya mutane ladan kariya da ban ruwa, a ɗaure biyan da yawan itacen da ya rayu. Rumfa da kujerun nan kaɗai da sun kewaye dashe da dama.

Abin da ya tsira kuwa shi ne wanda ban kashe wa ko kwabo ba. Malamin ya ɗauki yini ɗaya kacal yana bayanin sassaben zamani, dabarar da manoman Maraɗi suka kama tun shekarun 1980: in kututture ya yi toho a gona, kada a sare duka, a bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a riƙa yi musu aski. Saiwarsa ta riga ta yi zurfi, ba ya neman ban ruwa. Dattijon nan ya je ya yi haka a gonarsa, ga marke da kalgo sun miƙe sun fi ƙarfin bakin akuya. Mata huɗu kuma suna can suna renon mangwaro ɗan aure a bayan ɗakunansu, cikin shinge, suna sayarwa.

Bana mun sake haɗa ɗan abin da ya samu, bai kai na bara ba. Kafin na rubuta komai na ɗauki littafin kasafi na tafi gidan Baba, na zauna a zaurensa na ce ya faɗa min abin da zan fara sawa. Ya ce in rubuta ƙaya.