Kwana Biyu a Kasuwar da Sokaratis Ya Yi Tambayoyinsa

Shekaru da dama ina koyar da falsafa, kuma mafi yawan binciken da na yi ya tsaya ne a kan abu guda, wato tambaya: mene ne ke sa ta zama mai kyau, kuma wane irin hali ake bukata ga mai yin ta. Saboda haka da wani aiki ya kai ni ƙasar Girka, sai na keɓe kwana biyu domin ganin tsohuwar kasuwar birnin Atens, wadda Girkawa ke kira Agora, inda Sokaratis, masanin falsafar Girka na zamanin da, ya shafe rayuwarsa yana tare mutane da tambayoyi. Daga filin jirgin sama na shiga jirgin ƙasa zuwa tashar Monastiraki, daga nan kuma tafiyar 'yan mintoci ce a kan titin Adiriyanu zuwa ƙofar shiga.

Abin da na fara nema shi ne Rumfar Sarki, wadda masu tonon kayan tarihi suka gano a 1970. Na same ta a ƙasan titi, dab da layin dogo, ginin da tsawonsa bai wuce mita 18 ba, babu abin da ya rage sai tushe da guntayen ginshiƙai. A gabanta ne Aflatun, ɗalibin Sokaratis, ya nuna a wani rubutunsa haɗuwar Sokaratis da wani mutum mai suna Yutifuro a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Sokaratis ya zo amsa ƙarar da aka kai shi, shi kuma Yutifuro ya zo ƙarar mahaifinsa kan mutuwar wani ma'aikacinsu. Da yake Yutifuro ya bugi ƙirji cewa ya san abin da tsoron alloli yake nufi, sai Sokaratis ya nemi ya bayyana masa, kuma duk bayanin da ya kawo sai wata tambayar ta warware shi, har mutumin ya ce yana sauri, ya tafi abinsa.

Na daɗe ina koyar da wannan hira ina ɗora wa Yutifuro laifin gudu. Amma a tsaye a wurin, jiragen ƙasa suna ta wucewa da ƙara, sai na tuna ɗaliban da na taɓa rufewa da tambayoyi a gaban 'yan ajinsu har suka daina ɗaga hannu. Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata, amma ba su ce wanda aka tambaya ba ya ɓata ba. A ganina kaifin tambaya kaɗai bai isa ya sa ta zama kyakkyawa ba. Sai mai yin ta ya san lokacin da ya dace, ya san wanda yake tambaya, kuma ya kasance da gaske yana son amsar. Ina ganin Sokaratis ya cika sharaɗi na ƙarshe fiye da kowa, amma na biyun farko ba kullum ba.

Wurin da ya fi daɗe da ni shi ne wani ɗan kango a gefen kasuwar, kusa da dutsen da ke nuna iyakarta. A nan aka tono ƙusoshin takalma masu yawa, da ƙananan zobban ƙashi da ake zura igiyar takalmi, da gindin wani kofi mai ɗauke da sunan Saimon, shi ya sa ake danganta wurin da baduku Saimon, wanda marubutan da suka zo daga baya suka ce yakan rubuta hirarrakin da Sokaratis ke yi a shagonsa. Matasan da shekarunsu ba su kai na shiga kasuwar ba sukan zauna a irin waɗannan shaguna na bakin iyaka, Sokaratis kuma ya bi su can. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin tambayar da ake yi a zaune, mai shago yana ɗinki, babu taron da za a kunyata mutum a gabansa, ita ce ta fi kama da neman sani.

Washegari na shiga gidan adana kayan tarihi da ke cikin Rumfar Atalos, wadda Amurkawan da suka fara tonon wurin tun 1931 suka sake ginawa tsakanin 1953 da 1956. A can na ga ƙuri'un tagulla na masu yanke hukunci, da kuma tukunyar ƙasa mai huda a gindi wadda ake auna lokacin magana da ita a kotu, ruwanta yakan ƙare cikin kimanin minti 6. Mutum kusan 500 ne suka saurari shari'ar Sokaratis, cikin yini guda, yana da shekara 70, bisa zargin ƙin allolin birni da lalata tarbiyyar matasa. Shi da kansa ya ce da ƙuri'a 30 sun sauya da an sake shi. Mutumin da ya saba ɗaukar yini yana bin diddigin kalma ɗaya, ga shi an ɗaure maganarsa da ɗigar ruwa.

Da yamma na hau tudun Filofafos domin ganin kogunan da ake kira kurkukun Sokaratis, duk da cewa masana sun fi karkata ga wani kango da ke kudu maso yammacin kasuwar, inda aka samu ƙananan kwalaben magani na ƙasa, waɗanda ake zaton na gubar da ake ba waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa irinsa ne, da wani ɗan mutum-mutumin Sokaratis. Wata yarinya da ke riƙe da hannun mahaifinta ta leƙa ta cikin ƙarafan ƙofar, ta yi masa tambaya da harshen da ban sani ba, ya amsa, ta sake yin wata, ya sake amsawa. A ta ukun ya duba agogonsa, ya ja hannunta suka gangara.