Murfin bayan sifika da ya ƙi fita

Duk wanda ya yi zaman shagon gyaran rediyo ya san irin wannan aikin. Za a kawo tsohuwar sifika mai akwatin katako mai nauyi, irin wadda ake tsinta a kayan gwanjo ko wadda mutum ya gada a gidansu, a ce muryarta ta dushe ko siririn sautin ya ɗauke. Yawanci matsalar tana ciki, a ɗan allon da ke raba sauti tsakanin babbar sifika da ƙaramar da ke cikin akwatin, inda kafasita, wato ɗan kayan lantarkin da ke riƙe caji, ke bushewa idan ta kai shekara 30 ko 40. Canza kafasitar ba wani aiki ba ne, isa gare ta ne wahalar. Ka kwance duk sukurorin da ke bayan akwatin, ka jera su a benci, murfin kuma yana nan daram.

Sabon yaron shago sukundireba yake fara raruma, ya cusa bakinta a tsagar ya ɗaga. Maigidan da ya koya mini aiki ba ya bari a kai nan. Tambayarsa ɗaya ce: "To, me ya riƙe shi?" In ka ce, "Maigida, ya dai maƙale ne," sai ya ce ai shi ma yana gani, abin da ya maƙalar da shi yake tambaya. Sai da na fara karɓar aiki da kaina na fahimci dalilin nacinsa. Abin da ke riƙe murfi iri-iri ne, kuma maganin wani yana iya zama ɓarnar wani.

Mafi sauƙi shi ne sukurun da ya ɓuya. Yakan kasance ƙarƙashin takardar kamfani da aka liƙa a baya, ko ƙarƙashin ƙafar roba, ko an cike kansa da foti an shafe da fenti. Ɗan maganaɗisu kawai za ka bi gefen murfin da shi, inda ya ja, akwai ƙarfe. Fenti ma yana haɗe murfi da jikin akwati, musamman in mai ita ya taɓa sabunta mata launi. Wannan reza ce maganinsa, a bi layin tsagar sau biyu ko uku.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne zirin soso ko roba da kamfani ke sawa tsakanin murfin da katakon da yake zama a kai, don kada iska ta fita. Zafi da tsufa suna narkar da shi ya koma gam, ya kama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Idan ka ɗaga da ƙarfi daga waje, gam ɗin ba zai saki ba, katakon ne zai saki. Yawancin akwatunan nan kuwa ba katako ne na gaske ba, garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe shi da siririn ɓawo mai kyau. In kusurwarsa ta ɓantale, ba ta komawa yadda take, kuma ita ce mai kaya zai fara gani kafin ya ji sauti. Abin da na fi yarda da shi a nan shi ne a bi ta gaba. A cire babbar sifikar, a zura sanda ta ramin, a dafa ta kusa da gefen murfin daga ciki, a riƙa bugawa a hankali da guduma ana zagayawa. Ɗumin dirayar gashi a kan tsagar yana tausasa gam ɗin. Idan babu hanya ta gaba, sai a ɗaura sukuru mai ɗan kauri a ɗaya daga cikin ramukan sukurorin, yadda zai kama murfin kaɗai bai kai ga katakon ciki ba, a ja da filaya. Wuƙar foti mai faɗi ta fi sukundireba sau goma, domin tana raba nauyin.

Akwai kuma kumburi. Garin katako yana shan danshi, sifikar da ta yi damina a ƙasan shago ko ɗakin da ke yoyo murfinta zai matse a mazauninsa. Irin wannan in ya shigo a watan Agusta, nakan gaya wa mai shi gaskiya: "Alhaji, a bar ta ta sha iska tukuna." Kwanaki a wuri mai bushewa suna yin abin da guduma ba za ta yi ba, da hunturu kuwa wani murfin da kansa yake sassautawa. Ba kowane mai kaya ke son jin haka ba, wasu sukan ɗauka ƙin aikin nake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara ganin kayan waje shi ne, wani bayan ba murfi ba ne sam. A 1954 Edgar Villchur ya fito da sifikar AR-1 a kamfaninsa na Acoustic Research da ke Amurka, AR-3 ta biyo baya a 1958. Dabararsa ita ce a rufe akwatin ruf, iskar da ke ciki ta zama ita ce ke mayar da takardar sifikar, wadda girgizarta ke fitar da sauti, mazauninta bayan ta motsa, shi ya sa ƙaramin akwati ke iya ba da sauti mai kauri. Irin waɗannan an liƙe bayansu da gam tun daga masana'anta, ta ramin babbar sifikar kaɗai ake shiga. Wanda ya tsaya yana neman ɓalle bayan, akwatin yake fasawa. Kamfanin Wharfedale na Ingila, wanda Gilbert Briggs ya kafa a 1932, shi kuma yashi ya riƙa zubawa tsakanin falle biyu na katako a wasu sifikunsa don rage girgiza. Murfin irin su nauyi gare shi har ka zaci an liƙe shi, kuma in ka huda shi don samun abin ja, yashin ne zai tsiyaye. Saboda haka yanzu sunan kamfani da lambar sifika nake fara karantawa kafin in ɗauki wani ƙarfe.

Ko murfin ya saki, kada a fizge shi. Wayoyin da ke tafiya daga mahaɗar baya zuwa allon ciki gajeru ne, sau da yawa ma allon a jikin murfin yake. Audugar gilashin da aka cusa a ciki tana sa ƙaiƙayi, a sa safar hannu, a ajiye ta a leda, domin komawa za ta yi yadda take.

Sai batun rufewa, wanda da yawa daga cikinmu ke yi wa riƙon sakainar kashi. Tsohon soson da aka kankare dole a sa wani a madadinsa. Na sha ganin sifikar da aka canza wa kafasita daidai, amma ta dawo ba ta da kaurin sauti, don kawai iska na tsiyaya ta bayanta. Gam kuma ban yarda a mayar da murfi da shi ba, zirin soso sabo ya isa, mai gyara na gaba ma zai buƙaci shiga. Idan akwatin rufaffe ne, gwajin ba shi da wuya. Ka buɗe yatsunka ka danna takardar babbar sifikar a hankali, ka saki. In ta dawo sannu a hankali, akwatin ya rufu. In ta dawo nan take, akwai inda iska ke fita, sai a sake kwancewa.