Ranar da Kawu ya ci farar ruwa a Kiribi

Asabar, da dare.

Sha ɗaya ta wuce, fanka na ta juyi, hannuna kuma har yanzu ƙarnin kifi yake duk da na goge shi da lemun tsami sau biyu. Kawu ya yi barci tun ɗazu. Ni dai na ce sai na rubuta na yau kafin in kwanta, don gobe da asuba za mu kama hanyar Yawunde.

Kwananmu uku a garin nan na Kiribi, a bakin teku a kudancin Kamaru. Fitar da kaya ne ya kawo mu sabuwar tashar jiragen ruwa, wadda ta fara aiki a 2018 can kudu da gari, jiya kuma aka buga hatimin ƙarshe. Duk kwanakin nan Kawu bai ci komai ba sai shayi da burodi da kilishin da ya ƙunso daga gida. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Duwala da Injamena, amma cikinsa bai taɓa barin Garwa ba.

Da hantsi muka hau babur zuwa Lobe, inda kogi ke gangarowa daga kan duwatsu ya zuba kai tsaye cikin teku. Kawu ya duba, ya yi tasbihi, ya ce mu tafi, feshin ruwan na jiƙa masa hula. Ziyarar ke nan.

Bayan la'asar na ja shi Mbowa Manga, wurin da masunta ke sauke kamu. Ni da na tashi a bakin Binuwai, ina taƙama da na san kifi: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa, ko ido rufe zan bambanta su. Nan kuwa sai na koma ɗan koyo. Ga wani shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe guda. Ga wani dogo mai haƙora irin na kare, barakuda suke ce masa. Ga ƙaguwa an ɗaure musu hannuwa suna kumfar baki. Na yi ciniki da ɗan Faransancina, na sayi wanda suke kira bar guda biyu manya, sannan na faki idon Kawu na ƙara da kwano ɗaya na jatan lande.

Gidan abincin rumfa ce a kan yashi, da teburan roba, teku na taku kaɗan daga ƙafarmu. Kai za ka kawo kifinka su gasa maka, ko ka zaɓa cikin nasu. Kafin ya zauna sai da Kawu ya zaɓi teburin da ya fi nisa da masu kwalabe, sannan ya ce, “Ɗana, tambaye ta, da wane mai suke aiki? Ba sa zuba giya a ciki?” Matar ta yi dariya, ta ja mu har bakin murhu ta nuna mana: gawayi, man gyaɗa, tafarnuwa, citta, barkono, sai wani ƙwaya mai ƙanshi da suke kira njansan. Ya gyaɗa kai.

Mun yi jiran kusan awa guda. Ban ji haushi ba, don rana tana faɗawa cikin ruwa a gabanmu, abin da ban taɓa gani ba. Mu a wajenmu bayan dutse take ɓuya. Muka yi magariba a kan yashi, teku a bayanmu. Da duhu ya fara, fitilun jirage suka bayyana can nesa, Kawu ya nuna su da carbi ya ce nan man Cadi ke ƙarewa. Daga Doba aka jawo bututun, kilomita 1,070, aka fara tura mai a 2003, kuma shi da kansa ya yi dakon kayan aikin lokacin da ake haƙa. Bai taɓa ganin inda bututun ya tsaya ba sai yau.

Sai ga tire. Kifin ya sha yaji har cikin tsagar da aka yi masa, fatar ta ƙone daidai, naman fari fat, ga soyayyiyar agada, ga miyondo, wato rogon da aka jiƙa aka kirɓa aka naɗe a ganye sirara kamar bulala, mai ɗan tsami-tsami. Gaskiya naman ya fi na kogi tauri da gardi, kuma ba ya warin taɓo. Amma idan za a bar ni in yi hukunci, giwan ruwan Binuwai bai faɗi ba.

Rigimar ta taso ne da aka ajiye faranti na biyu, na jatan landen. Kawu ya ja kujera baya.

“Wannan kuma fa? Kunamu?”

Na ce, “Haba Kawu, fara ce ta ruwa. Ku da kuke aikena sayen fara da yaji kowace kaka?”

Ya ce fara dai ya san uwarta ya san ubanta. Na kawo masa ayar Ma'ida da ta halatta mana kamun teku da abincinsa, da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarki ne, mushensa kuma halal. Na ƙara da cewa mu Malikawa ba mu da ƙunci a nan, Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kawai. Ya ce ya ji, amma halal daban, kyan gani daban.

Abin da ya karya shi ba fatawa ba ce. Darasin firamare na tuna masa: Turawan Fotugal da suka shigo kogin Wuri a 1472 sun tarar da waɗannan halittu jingim, suka sa masa suna kogin jatan lande da yarensu, daga nan sunan Kamaru ya samo asali. Kawu ya yi shiru. Can ya laluba aljihu ya fito da katin shaidarsa ya ƙura masa ido, ya ce, “Wato duk shekarun nan takardar ƙasar fara nake yawo da ita?” Dariya ta ƙwace mini har na ƙware.

Ya yi bisimilla ya ɗauki guda. Kafin in nuna masa yadda ake ɓarewa ya jefa ta baki da ɓawo da ƙafafu, ya tauna ƙaras-ƙaras. Bai ce uffan ba. Ya ɗauki ta biyu. A ta biyar ya jawo farantin gabansa, ya turo mini agada.

Wajen biya ne na sha kunya. Ashe gashi da kuɗinsa, miyondo da kuɗinsa, har yajin da aka ƙaro mana da nasa, ni kuma ban tambaya tun farko ba. Da na haɗa da kuɗin kifin, Kawu ya ce a kasuwar dabbobi da wannan sai mu ja ɗan akuya. Laifina ne, na biya ban yi musu ba.

A hanyar komowa ya tsayar da mai babur, ya sayi busasshen jatan lande cike da leda, wai Hajiya za ta daka a miyar kuka. Ya ce kada in gaya mata ko mene ne sai ta ci. Ledar na rataye a ƙusar bayan ƙofa, ɗakin duk ya ɗauka. Gobe kuma da ita za mu kwana a jirgin ƙasa har Ngaundere.