Tsiron al'aura da zargin da ke biyo bayansa

A cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, tsiron da ke fitowa a al'aura yana daga cikin waɗanda mutane suka fi ɓoyewa, har sai ya yi yawa ko ya fara zubar da jini kafin su nemi likita. Ƙwayar cutar da ke haddasa shi ita ce HPV, wadda ke da nau'o'i fiye da 200, amma nau'i na 6 da na 11 ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na wannan tsiro. Yakan fito ƙanana-ƙanana masu laushi a kan azzakari, ko bakin farji, ko kewayen dubura, wani lokaci su taru su yi kama da kan farin kabeji. Idan a dubura ya fito, da yawa sukan ɗauka basir mai tsiro ne, su yi ta shan jiƙo ana ɓata lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan cuta ke jefa ma'aurata cikin zargin juna. Ƙwayar tana iya zama a fata makonni ko watanni kafin tsiron ya bayyana, kuma mutum yana iya ɗauke da ita tsawon lokaci ba tare da wata alama ba, don haka fitowar tsiro yau ba hujja ba ce cewa wani ya ci amanar aure jiya. Mace tana iya samunta daga mijin da bai taɓa ganin komai a jikinsa ba, haka kuma wanda ya yi aure a baya yana iya shigowa da ita sabon gida cikin rashin sani. Ta hanyar haɗuwar fata da fata ake ɗaukarta, shi ya sa kwaroron roba yake rage haɗari amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya.

A asibiti ana cire tsiron ta hanyar daskarar da shi da sinadari mai tsananin sanyi, ko ƙona shi da na'ura, ko yanke shi, ko kuma a ba da maganin shafawa irin su imiquimod da podophyllotoxin, wanda ba a yarda mai ciki ta yi amfani da shi ba. Tsiron yakan dawo bayan an cire shi, domin magani ba ya kashe ƙwayar, garkuwar jiki ce ke share ta, galibi cikin shekara biyu. Masu shafa masa soda ko ɗaure shi da zare a gida suna jawo wa kansu miki ne kawai.

Nau'o'in da ke kawo tsiro ba su ne ke haddasa sankarar bakin mahaifa ba, wannan aikin na 16 da 18 ne da ire-irensu, sai dai mutum yana iya ɗaukar nau'i fiye da ɗaya, saboda haka ya dace matar da ta ga tsiro ta nemi a duba mata bakin mahaifa. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, kuma allurar Gardasil da ake amfani da ita tana kariya daga nau'o'i huɗun nan duka.