Me ya sa burodin Agege ba ya riƙe ciki?

Ɗan kasuwa a Mile 12 ta Legas zai karya da burodin Agege da shayi mai kauri da ƙarfe bakwai, kafin sha ɗaya cikinsa ya fara ƙugi. Maƙwabcinsa da ya ci wake da ƙwai biyu yana nan daram har azahar. Na farkon ba kwaɗayi ke damunsa ba. Ciki na aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, kuma kowane abinci da irin nasa.

Tumbi ke fitar da sinadarin girelin, wanda aka gano a Japan a 1999. Shi ne mai tada yunwa, yakan hau dab da lokacin da ka saba ci. Sinadarai masu cewa "ya isa" su ne GLP-1 da PYY, kuma yawancinsu daga can ƙasan hanji suke fitowa. Wake, kifi, ƙwai da miyar ganye na sa su fita sosai. Farin burodi irin na Agege da lemon kwalba kuwa tun a saman hanji jini ke kwashe su. Saƙon ƙoshi kan ɗauki wajen minti 20, shi ya sa mai loma a tsaye kan wuce kima. A fara da naman da ganyen, a bar tuwon sai ƙarshe.

Akwai gado a ciki. Binciken tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 70 na bambancin ƙiba daga ƙwayoyin halitta ne. Wanda ya gaji wani nau'in ƙwayar halitta mai suna FTO daga uwa da uba kan fi wanda bai gada ba da kusan kilo 3, galibi don ba ya saurin ƙoshi.

Sai barci, wanda gosulon Legas ke cinyewa. A wani gwaji a Chicago a 2004, barcin awa huɗu na dare biyu ya ɗaga girelin da kashi 28.

Allurar Ozempic ta masu ciwon sukari, da ake ta yayi don rage ƙiba, GLP-1 take kwaikwayo. Sau ɗaya ake yi a mako, likita kan fara da miligiram 0.25 don gudun tashin zuciya da amai. Idan aka daina, ƙibar kan dawo. Wadda ba a buɗe ba a firji take zama, saboda haka wadda ta wuni a rana hannun mai talla ba abin saye ba ce.