Montreux, inda gobara ta haifi waƙa

Daga Janiba na hau jirgin ƙasa zuwa Montreux a ƙasar Suwizalan, tafiyar kamar awa guda, tafki a dama, gonakin inabi a hagu sun hau gangare. Ba komai ya kai ni ba illa "Smoke on the Water" (wato hayaƙi a kan ruwa) ta ƙungiyar Deep Purple ta Ingila, waƙar da kusan duk ɗan koyon jita da ita yake buɗe hannu.

Gidan cacar da na tarar a bakin ruwa ginin 1975 ne. Na asalin ya ƙone ƙurmus ranar 4 ga Disamba 1971, ana tsaka da wasan mawaƙin Amurka Frank Zappa, bayan da wani ɗan kallo ya harba harsashi mai wuta a silin. Rai dai bai salwanta ba. Claude Nobs, wanda ya kafa bikin kiɗan jazz na garin, da hannunsa ya riƙa fito da mutane, shi ya sa sunansa ya shiga waƙar. Su kuwa 'yan Deep Purple, da suka hayo motar ɗaukar sauti ta ƙungiyar mawaƙa Rolling Stones don su naɗi faifai a wannan zaure, sai suka ƙare da kallon hayaƙi ya rufe tafki, abin da ya ba waƙar sunanta.

Da ƙafa na bi bakin ruwa zuwa Territet, iska mai sanyi tana ratsa rigata. Can ne tsohon Grand Hotel, inda suka koma bayan maƙwabta sun kira musu 'yan sanda a wurin da suka fara gwadawa bayan gobarar saboda ƙara. Otal ne da aka rufe don hunturu. A baranda suka jera kayan kiɗa, suka toshe kafofi da katifu, suka kammala faifan Machine Head na 1972. Na daɗe a tsaye ina kallon dogayen tagoginsa, ina mamakin yadda aka yi aiki a wannan sanyi.

Abin dariya, su kansu ba su ɗauki "Smoke on the Water" bakin komai ba, wata waƙar suka fara fitarwa daga faifan. Sai da gidajen rediyon Amurka suka matsa mata, aka sake ta ita kaɗai a 1973, ta kai ta 4 a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard. Daga baya mujallar Rolling Stone ta sa ta cikin fitattun waƙoƙi 500. Masu kushe suna cewa kiɗan Ritchie Blackmore, mai jitar ƙungiyar, ya cika sauƙi. Ni dai na ji yara da yawa suna kaɗa shi, ban ji wanda ya fitar da nauyinsa ba.